Yadda Aka Jeme Ƙafar Maigidana da Bagaruwa

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda duk macen da mijinta ke tsayawa cikin siminti, da duk ɗakin da ake ajiye bagaruwa a ƙullin leda kamar nawa. Ba zagin bagaruwa na zo yi ba. Da ruwanta uwata ta wanke mu muna jarirai, da shi na wanke 'yata lokacin da zafi ya feso mata a wuya. Amma na ga abin da ta yi wa ƙafar maigidana a Sabha, kuma ba na fatan wata ta gani.

Mu mutanen Tasawa ne, a ƙasar Nijar. Mun hau Libiya a shekarun da aka buɗe ƙofa, lokacin da rediyo ke ta shelar cewa Afirka gida ɗaya ce, baƙar fata ya shigo ya nemi abincinsa. Maigidana Sani ne ya fara zuwa, daga baya ya aiko na biyo shi, muka bar 'yarmu Nana wurin kakarta. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Abdulkafi. Ni ina dafa shinkafa da wake a ƙofar gida ina sayar wa leburori, shi kuma yana cikin 'yan sabba, wato masu zuba kankare a rufin bene. Aikin sabba bai san "bari in huta" ba. In aka kunna injin kwaɓa, ba a kashe shi sai rufin ya cika, kowa na ɗauke da kwanon kankare a ka yana hawa tsani yana sauka.

Abin ya fara ne da ƙaiƙayi. Tsakanin yatsun ƙafa da ƙwauri suka yi ja, fatar ta bushe tana tsagewa. In ya dawo da yamma ba ya ko tsayawa cin abinci, sai ya zauna bakin ƙofa ya kama susa kamar an biya shi.

"Zali, miƙo mini cokalin nan," in ji shi, "farce ya kasa."

"Cokalin da nake zuba wa mutane abinci, Baban Nana? To ka ci gaba da farcen."

Na ɗauko 'yan ƙwayoyin bagaruwa cikin waɗanda na taho da su daga gida, na jiƙa a ruwa har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, na riƙa wanke masa safe da yamma. Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki. Kafin sati ya zagayo jan ya kwanta, susar ta ragu, ya koma yana barci har da minshari. Ya dinga yabona gaban abokansa, wai ya auro lokotoro, wato likita, bai sani ba. Ni ma kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sati na biyu aka samu babbar sabba a unguwar Hajara. Dogon takalmin robar da yake sawa ya tsage a gefen hagu, ya ɗaure da leda ya ce zai kai. Tun hantsi ruwan siminti ya shige, ya kwanta a cikin takalmin. Ya ce ya ji ɗumi, daga baya ya ji kamar ana tsikarinsa, amma wa zai sauka daga tsani ya ce ƙafa na masa zafi alhali inji na juyawa, ga mutane a bakin titi suna jiran wani ya gaza su maye gurbinsa? Haka ya wuni. Da ya dawo na taya shi cire takalmin, sai safar ta taho da fata.

Na yi salati na ja baya. Daga yatsu zuwa idon sawu ƙafar ta yi fari fat, ta kumbura, tana santsi kamar an shafa sabulu, wasu wuraren kuma jan nama ne a fili. Na ce mu tafi asibiti yanzu-yanzu. Ya kalle ni kamar na ce mu tafi ofishin 'yan sanda.

A lokacin babu abin da mutanenmu ke tsoro kamar asibiti. Magana na yawo cewa in baƙo ya je da ciwon fata, za a ɗebi jininsa, in aka ga wani abu sai a sa shi a mota a maida shi Dirku, can wajen iyakar Nijar. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa haka da idona ba, amma kowa yana da ɗan garinsu da aka yi wa. Maƙwabta suka cika ɗakin, kowa da likitancinsa. Wani ya ce man goge baki, wani ya ce baƙin man mota, wata 'yar Kano da ke gefenmu ta ce a fasa ɗanyen ƙwai. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a aika wa Kawu Ilu.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyar maigidana ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa, shi ya biya masa kuɗin mota zuwa Libiya. Majemi ne gaba da baya, a majema aka haife shi, hannunsa har yau baƙi ne da rinin aikin. Da kasuwar fata ta mutu masa ya hau arewa, ya samu gadin wata gonar dabino a Gudduwa, kudu da Sabha. A bakin gonar akwai itatuwan bagaruwa da babu mai kula su. Washegari sai ga shi da rabin buhu a kafaɗa.

Ya tsuguna ya duba ƙafar, ya shafa da yatsa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gamu da tsohon sani.

"Wagga ai na san ta," ya ce. "Haka fata ke yi in ta kwana cikin toka. Ta yi fari, ta kumbura, ta yi santsi. Siminti da toka duk abu guda ne. Kuma fata in ta sha toka, bagaruwa ke bi."

Na nuna masa ruwan da nake jiƙawa. Ya ɗaga kwanon ya kalla, ya yi dariya.

"Ɗiyata, wanga ai shayi ne. Ko fatar ɓera ba ya kamawa."

Ya sa na kawo turmi. Ya daka bagaruwar da kansa, ya fidda 'ya'yan, ya jiƙa garin a baho da ruwan ɗumi har ya yi kauri ya yi duhu, irin wanda suke tsoma fatar akuya. Ya kama ƙafar ya nutsa. Ihun da Baban Nana ya yi, sai da masu cin abinci a waje suka ajiye cokali. Kawu ya danne gwiwar yana cewa, "Yi haƙuri, ɗana, shiga takai." Bayan an cire ya barbaɗe ta da busasshen gari, ya naɗe da tsumma. Safe da yamma haka, shi da kansa, don ya bar gonar a hannun wani ya tare a ɗakinmu yana kwana a tabarma bakin ƙofa.

Zan faɗi abin da ya ruɗe mu, don shi zai ruɗi na gaba. Ciwon ya bushe. Ruwan da ke tsatsafowa ya tsaya cak. Zafin ya ragu. Kafin ƙarshen sati na uku saman ƙafar ya yi baƙi, ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa da farce har ƙara yake. Kawu ya matsa da babban yatsa kamar yadda yake gwada fata a majema, ya ce, "Ta kama." Maƙwabta suka dinga shigowa kallo. Har wani ɗan Agadas ya roƙi a sam masa garin. Ni kaina na durƙusa na yi wa Kawu godiya, na yanka masa kaza.

Baban Nana ya ɗaure ƙafar, ya ari takalmi mai girma, ya koma aiki. Na ce ya ƙara haƙuri, ya ce in ya ƙara kwana a ɗaki wani zai gaje kwanonsa.

Bai yi nisa ba. Ranar da ya dawo tun azahar, yana rawar sanyi cikin zafin Sabha da ke narka roba, na san akwai magana. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Kawu ya ce zazzaɓin gajiya ne, aka sayo ƙwayoyi a farmasi, wato kantin magani. Zazzaɓin ya sauka ya sake hawa. Ƙwaurin ya fara kumbura daga saman baƙin ɓawon, ya yi ja yana sheƙi, in na taɓa kamar na taɓa murfin tukunya.

Sannan wari. Ni na fara ji. Na wanke zanin gado, na wanke tsumman, na kunna turare, yana nan. Na faɗa wa Kawu a hankali, kaina a ƙasa, don suruki ne, tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Warin majema ne," ya ce. "Ba ki saba ba."

Amma ni ban yarda ba. Ni mai sayar da abinci ce a garin da wuta ke ɗaukewa. Na san warin bagaruwa, na kuma san warin naman da ya kwana ya juya, wanda in ka sa a miya ka kashe kasuwarka. Wannan na biyun nake ji, kuma daga jikin mijina yake fitowa.

Na sami Baban Nana shi kaɗai na ce, "Don girman Allah mu tahi gidan likita."

"In sunka ga ƙafar ga, mota za su sa ni sai Dirku. Mi zan ce ma Nana na kawo mata?"

"Gara su maida ka Tasawa da ƙafa biyu."

"Kawu ya ce ta kama. Kin fi shi sanin fata ne?"

Ya juya mini baya.

Da gari ya waye bai gane ni ba. Ya kira ni da sunan yayarsa, yana tambaya ko an ba awaki ruwa. Jan ya haura har tsakiyar ƙwauri. Ban hura wuta ba ranar, leburori suka zo suka tarar da tukunya a kife. Kawu kuwa ya riga ya haɗa bahonsa, ya ɗauko zai shiga ɗaki. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Na karɓe bahon daga hannunsa, na fita ƙofar gida, na sheƙar da shi a titi gaban mutane. Na dawo na dube shi cikin ido.

"Kawu, ku gafarce ni. In ba ku kai shi ba, ni zan goya shi."

Na jira mari, ko abin da ya fi mari. Ya wuce ni ya shiga ɗaki, ya kwance tsumman, ya sa babban yatsa a tsakiyar ɓawon ya danna da ƙarfi, ba irin dannawar da yake yi kullum ba. Ɓawon ya lotsa. Daga gefensa mugunya ta fito, ta gangara har tabarma.

Na ga fuskar tsohon nan ta canza.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Sama ta kama, ciki ɗanye. Irin wagga a majema yasuwa mukai, mu jefar."

Ya tuɓe rawaninsa ya ba ni, ya durƙusa ya ce a ɗora masa shi. Mutumin da furfura ta gama cinye gemunsa, shi ya goyi ƙato kamar Baban Nana har bakin titi, ya ƙi kowa ya karɓe shi. Wani Balarabe mai a-kori-kura da ke sayen abinci wurina don ma'aikatansa ya tsaya ya ɗauke mu, ko sisi bai karɓa ba. Allah ya saka masa.

A asibiti mun sha zama. Layi biyu ne ko da ba a rubuta ba, 'yan ƙasa su shiga, mu mu jira. Afirkar da rediyo ke cewa gida ɗaya ce, ranar na ga tana da zaure da cikin gida. Tun hantsi muke kan benci har aka yi la'asar, kan Baban Nana a cinyata, ƙuda na bin tsumman, mutane na toshe hanci suna matsawa. Mai rubuta suna ya tambayi takardunmu, na miƙa. Ya duba ya maido mini. Shi ke nan. Babu mota, babu Dirku. Abin da ya hana mu zuwa sati uku ke nan, ya wuce cikin ƙiftawar ido, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Wadda ta cece mu wata nas ce 'yar Sudan, jikar Hausawan da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya. Tana wucewa ta ji warin, ta tsaya, ta ɗaga tsumman, ta ce da wata irin tsohuwar Hausa, "Ku taso maza." Ita ta shigar da mu, ita ta yi mana tafinta.

Likitan ɗan Iraƙi ne. Ya ƙwanƙwasa ɓawon da almakashi, ya ɗago ya yi tambaya. Nas ɗin ta juya mana da Hausa.

"Yana cewa, wa ya jeme wannan mutum?"

Kawu na tsaye jikin bango. Ya ce, "Ni ne." Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya yi bayani ne, nas na juyawa. Siminti ƙuna yake yi kamar wuta, kuma yana ci gaba da ci ko bayan an cire ƙafa. Abin da irin wannan ƙuna ke so ruwa ne mai yawa nan take, sannan asibiti. Bagaruwa ta ɗaure saman ta rufe ƙofa, ƙwayoyin cuta suka samu ɗaki suka yi ta ci daga ciki. Ya faɗi wata kalma da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi: gargarina. Nas ta ce ma'anarta naman ya mutu.

A ranar aka shiga da shi ɗakin tiyata aka yanke ɓawon duka. Babban yatsa da na kusa da shi sun riga sun tafi, aka cire su. Da aka fito da shi, likitan ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi ya zagaye ƙwaurin a ƙasan gwiwa, sama da inda jan ya tsaya.

"In jan ya tsallake wannan layi," in ji nas, "za a yanke daga gwiwa. In ba a yanke ba, shi za a rasa."

Na auna da hannuna. Tsakanin jan da layin, faɗin yatsuna uku.

Ban taɓa sanin zanen biro zai iya zama abin tsoro ba. Aka sa masa ruwa, ana zuba allurai ta ciki. Wasu akwai a asibiti, wasu sai an sayo a waje, kuma masu tsadar su ne na waje. Na sayar da tukunyar gas, na sayar da babbar tukunyata da 'yan kunnen aurena. 'Yan sabba suka yi karo-karo suka kawo, har da waɗanda ban san sunansu ba. Mai benen da maigidana ya ƙone a rufinsa kuwa ko leƙe bai yi ba, da aka je masa ya ce shi bai ɗauki kowa aiki ba, ɗan kwangila ya sani. Na bar shi da Allah.

Kullum da safe kafin likita ya zagayo, nakan ɗaga zanin in jera yatsuna. Washegari uku suka koma biyu. Na fita baranda na yi kuka na share fuska na dawo. Kawu ba ya shiga ɗakin, yana zaune a ƙasa bakin ƙofa da carbi, in na fito sai ya ɗago ido kawai, ni kuma in nuna masa yatsu. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina, ina kuma ganin yadda ya rame ya ƙi cin abinci, sai tausayi ya kama ni, sai in ƙara jin haushin tausayin.

Ranar da ya koma yatsa ɗaya, likitan ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya ce kada a ba shi abinci da safe, ko za a shiga da shi. Baban Nana ya dawo hayyacinsa a lokacin, ya ji. Ya kama hannuna ya ce, "Zali, in sunka yanke, kar ki faɗa ma Nana. Bari in je ta gani da kanta." Na ce babu abin da za a yanke, alhali ni kaina ban yarda da bakina ba.

Da asuba na ɗaga zanin don in auna da yatsa. Na sa ɗaya. Ya shiga, bai taɓa layin ba. Na ƙara dubawa, sai na ga fatar wurin ta ɗan yi yamutsi, sheƙin ya ragu. Na kira nas. Ta duba ta ce, "Ya tsaya." Likita ya zo ya tabbatar, ya ce a kawo masa shayi da burodi. Na fita na nuna wa Kawu yatsa ɗaya, na ce, "Bai motsa ba." Tsohon ya kifa goshinsa a simintin barandar, kafaɗunsa na girgiza.

Mun ƙara makonni ana wankin ciwo, wanda shi ma azaba ce mai zaman kanta, kafin a sallame mu. Ƙafa ta tsira, amma sabba ta ƙare. Wanda ba shi da babban yatsa ba ya hawa tsani da kankare a ka. Yanzu shi ke zuba abinci ni ina dafawa, kuma da cokalin nan da na hana shi susa.

Ga abin da nake so a riƙe. Ruwan bagaruwa marar ƙarfi a kan ƙaiƙayi ko ƙurajen zafi, inda fata ba ta buɗe ba, ni ban ga laifinsa ba. Amma in fata ta saɓule, ko siminti ya ƙone ta, kada a kusance ta da shi. A zuba ruwa, a yi ta zubawa, a tafi asibiti ko da za a wuni a benci. Ciwon da ya bushe a sama ya yi baƙi ba warkewa ya yi ba. In kuma hancinki ya gaya miki wani abu, ki yarda da shi, ko gaban wa za ki tsaya.

Tun ranar da aka sallame mu Kawu ya ɗauki ragowar buhunsa ya koma Gudduwa, ba sallama. Wata ya wuce, wani ya bi. Na ce a raina kunya ta kore shi, ya bar ni da gurgu. Har na fara faɗa a fili.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga shi da ƙunshi a hammata. Ya zauna, ya ƙi shan ruwa, ya kwance. Takalma ne na jar fatar akuya, laushi kamar ƙyalle. Ya ce shi ya sayi akuyar, shi ya jeme fatar da ragowar bagaruwar nan, ya kai wa wani baduku ɗan Damagaram ya tsaya a kansa har ya ɗinka. Na dama irin wanda kowa ya sani ne, mai igiya tsakanin yatsu. Na hagu ba shi da igiyar, don babu inda za ta shiga. Faffaɗan maɗauri aka yi masa, aka cusa auduga daidai gurbin yatsun nan biyu.

Baban Nana ya ce, "Kawu, yaushe kunka auna?"

"Ban auna ba. Sati nawa ina riƙe da ita safe da marece?"

Kawu ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban ɗan da ya yi wa raino. Baban Nana ya yi ta janye ƙafar yana cewa, "Subhanallahi, Kawu, ku tashi," bai tashi ba. Ya ɗauki ƙafar da baƙaƙen hannuwan nan nasa, ya zura mata takalmin a hankali, ya ɗaure.

Ya shiga daidai. Na koma bayan tukunya na ce hayaƙi ne ya shige mini ido.